Tanderun da Sannu-Sannu Ya Gina wa Manaja

Shekara talatin da ɗaya Sannu-Sannu ya yi yana shiga cikin tanderu da ƙafafunsa, kuma kullum da su yake fitowa. Aikinsa ke nan a kamfanin narka ƙarfe. Idan cikin tanderu ya zaizaye, sai a kashe wuta, a jira ya huce, shi kuma ya sunkuya ya bi ta ƙofar da ko akuya sai ta yi shawara kafin ta shiga, ya rushe tsohon bulo, ya jera sabo. Magini ne, amma ba irin wanda za ka kira ya ɗaga maka katanga ba. Ɗakin da yake ginawa ba mai kwana a ciki sai wuta.

Masu hura wuta ne suka laƙa masa sunan, kuma ba don ƙauna ba. Sabon gini yana riƙe da ruwa a jikinsa ko da ido ya ga ya bushe. In aka afka masa da babbar wuta, ruwan ya zama tururi ya rasa hanyar fita, sai ka ji simintin wuta yana fashewa kamar ana harbi a ciki. Shi ya sa duk ranar da ya gama aiki ba ya tafiya gida. Benci yake jawowa ya zauna a bayan mai hura wuta, yana ta faɗin sannu-sannu, sannu-sannu. Ranar farko wutar da ko ruwan shayi ba za ta tafasa ba. Rana ta biyu a ƙara kaɗan. Manya suna duba agogo daga ofis, masu hura wuta suna cika suna batsewa, shi ko a jikinsa. Sau ɗaya aka taɓa yin gaban kai, ranar da ciwon haƙori ya kai shi asibiti, kuma sau ɗayan ya wadatar. Mako uku aka yi ana kwashe ɓaraguzai. Da ya dawo da kumburarren kunci, bencinsa kawai ya jawo.

In ka yi kuskuren tambayarsa yaya aiki, ka shirya zama. Zai gaya maka bulo ma hali gare shi kamar mutane. Akwai mai nauyi, ruwan ƙasa-ƙasa, wanda ake sa wa a gaba ya fuskanci wuta ido da ido. Wannan yana shan zafi ya riƙe, kamar mutumin da aka yi wa laifi tun yana yaro. A bayansa ake jera fari, mara nauyi, wanda farce ma yana kankare shi, zarto kuma yana yanka shi kamar sabulu. Shi farin ba jarumi ba ne, in narkakken ƙarfe ya taɓa shi ya gama yawo, amma zafi ba ya wuce shi ya fita waje. A can baya kuma sai audugar wuta, fara sol, mai laushi, abin sha'awa. Ita ce matarsa ta tsinta a jakarsa a shekarar farko ta aurensu, ta ga auduga ta banza, ta cusa ta a matashin kai. Kwana uku suka yi suna susa, shi da ita, kowa na zargin kuɗin cizo, kafin ya farke matashin ya ga kayan aikinsa.

Kuma ba ya jera bulo sai ya ji muryarsa. Zai ɗaga shi a tafin hannu ya ƙwanƙwasa da ƙotar cokalin gini. In ya amsa da ƙara mai tsini kamar ƙararrawa, lafiyayye ne. In ya yi ɗuf kamar ba kowa a gida, akwai tsaga a ciki, a jefar. Hannun ya saba har ya fi ƙarfinsa. Faranti ya ƙwanƙwasa, kankana ya ƙwanƙwasa, ƙofar mutane ya ƙwanƙwasa bayan an riga an buɗe masa. Yaransa biyar duk sun tashi da sanin cewa in suka kawo sakamakon makaranta, sai Baba ya fara jin ƙarar kai kafin ya duba takarda.

Matar tasa yake kira Manaja, don a cewarsa a kamfani mutum ɗaya ne ke ba shi wa'adi, a gida ma mutum ɗaya. Ita kuwa burodi take gasawa, a cikin babbar tukunya da yashi a ƙasanta, garwashi a kan murfi, guda huɗu-huɗu. Hannunta na da kyau, maƙwabta sun sani. Shekarar da aka haifi ɗansu na fari ta ce masa, tunda ginin tanderu ne sana'arsa, ya gina mata ƙarami a tsakar gida. Ya ce wannan ai aikin yini biyu ne.

Daga ranar ya fara kawo bulo. Duk lokacin da aka rushe tsohon gini a kamfani, sai ya tsinci waɗanda ke da sauran rai cikin abin da za a zubar, ya karɓi takardar fita daga mai gadi, ya ɗaure biyu ko uku a bayan keke. Ya jera su a bayan ɗaki, masu nauyi daban, farare daban, auduga a buhu a kan rufin banɗaki inda hannun Manaja ba zai kai ba. Tsibin ya yi ta girma. Yara suka yi wasan ɓuya a bayansa, kaji suka yi ƙwai a lungunsa, ƙadangaru suka hayayyafa har jikoki. Ɗan fari ya yi aure, ta biyun ta yi aure, aikin yini biyu yana nan yana jiran yininsa. In Manaja ta tayar da maganar sai ya ce bulon bai cika ba. In ta nuna masa tsibin da ya kai kafaɗarta sai ya ce abin da ya rage ƙasar haɗi ce, wadda ake liƙa bulo da ita.

Wata biyu bayan ya yi ritaya, yana zaune yana gyara rediyon da ba abin da ya same ta, sai ya ji ana gangaro da wani abu ta ƙofar gida. Duro ne, tsohon duron mai, kuma mai gangaro shi Tartsatsi ne, ƙanen Manaja, mai walda a bakin titi. Tsakanin Sannu-Sannu da Tartsatsi ba a gaisuwa sai da tsokana. Tartsatsi ya jingine duron, ya share gumi, ya ce Yaya ce ta ce ya auna, zai yanka masa ƙofa ya sa masa kanta biyu a ciki, kwana ɗaya an gama.

Manaja ta fito tana goge hannu, ta yi bayani a tsanake. Mai shayin kan kwana ya ce zai riƙa karɓar burodinta guda talatin kowace safiya, daga Asabar ta uku mai zuwa, kuma ta amsa masa. Tukunya ba za ta yi talatin ba.

“Baban yara, ban ce ba ka iya ba,” ta ce. “Shekara ashirin da shida ina jin labarin iyawarka. Ranar Asabar ɗin nan ko dai in gasa a naka, ko in gasa a nasa.”

Sannu-Sannu ya dubi duron. A ce mutumin da ya yi wa ƙarfe ɗakin narkewa, a tsakar gidansa a kafa gwangwani a kira shi tanderu, kuma tsoffin abokan aiki su zo gaisuwa su gani. Ya ajiye rediyo. Ya ce wa Tartsatsi ya mayar da gangarsa inda ya ɗauko ta, kafin kaji su ɗauka sabon akurki ne.

Kashegari da sassafe ya ja igiya ya haƙa tushe. Wanda bai taɓa ganinsa a bakin aiki ba, ranar ya gani. Fararen bulo ya fara shimfiɗawa a ƙasa, ya ɗora masu nauyi a kansu, sahu biyu, don a kamfani ba ya yarda da sahu ɗaya. Kowane bulo sai da ya amsa masa kafin ya samu wurin zama. Ƙasar haɗi siririya yake shafawa, kamar mai rowar man shanu. Can kuma sai ya yanko kwali ya soka tsakanin bulo da bulo ya ci gaba. Tartsatsi, wanda ya mayar da gidan wurin shan iska tunda aka fara, ya tambaya ko bulon ne ya ƙare aka koma gini da kwali. Sannu-Sannu ya ce bulo in ya sha wuta miƙewa yake, in bai samu wurin miƙe ƙafa ba sai ya ture na kusa da shi. Kwalin zai ƙone ya bar masa fili. Ya ƙara da cewa wannan ilimi ne da ba ya shiga kan da tartsatsi ya riga ya huda.

Ya ɗaga rufin kamar rabin ƙwarya, ya lulluɓe shi da auduga har hawa uku, da safar hannu da tsumma a hanci, ya sake rufewa da farin bulo, ya yi masa ƙofar ƙarfe mai auduga a ciki. Ƙofar dole Tartsatsi ya haɗa, yana yi yana mita wai an sa shi ɗinka wa abokin gaba riga. Kwana goma sha ɗaya aka yi. Abin da ya tsaya a tsakar gida ya kusa kai girman ɗakin girki. Manaja ta zagaya shi sau biyu, ta leƙa ciki, ta ce to a hura.

A nan ta san dalilin sunan mijinta. Ranar farko ƴan ƙirare biyar ya kunna a tsakiya, ya jawo benci. Rana ta biyu ƙirare goma. Ta ce wannan wutar ko sauro ba za ta kora ba. Ya kama hannunta ya ɗora a jikin ginin ta ji danshin da ke fitowa kamar gumi, ya ce sai wannan ya ƙare. Ta haƙura, don ta ga gumin da idonta. Kwana bakwai yana lallaɓa wuta, ita tana ƙirga kwanaki a kalandar bango, mai shayi kuma kullum sai ya aiko a tuna mata. Ranar Alhamis danshi ya ɗauke, ba tsaga ko ta gashi. Sannu-Sannu ya kwana da murmushi.

Juma'a ce ranar gwaji. Manaja ta kwaɓa na guda goma sha biyu, ta rufe da tsumma. Shi kuma ya shiga zuba itace, yau ba sannu-sannu, yau ranar da ya yi shekara ashirin da shida yana jira ce. Wajen hantsi Manaja ta matso, zafi ya daki fuskarta, ta ce ya isa haka. Ya leƙa ciki ya ga bango baƙi ƙirin da hayaƙi, ya ce tanderun ko farkawa bai yi ba. Ya ƙara itace. Baƙin ya ƙone, bango ya koma fari tas. Ta sake cewa ya isa, har ya wuce. Ya ce ta bar wa masu abu abinsu, shi bai taɓa ganin tanderun da aka ce ya yi zafi bai yi ja ba. Ya ƙara awa biyu. Da dai ya ga kwaɓin na neman tsallake tire, sai ya haƙura ya kwashe garwashi, yana gunaguni cewa da ɗumi-ɗumi za a yi aikin.

Aka zura tire uku, aka rufe ƙofa. Manaja ta juya za ta ɗauko tsumma, ba ta kai ƙofar ɗaki ba hayaƙi ya fara fita ta gefen ƙofar tanderu. Abin da aka jawo guda goma sha biyu ne, baƙaƙe, masu sheƙi, a jere kamar an yi musu layi. Da aka fasa ɗaya, cikinsa ɗanyen kwaɓi ne.

Tartsatsi ya ɗauki guda ya ɗora a tafin hannu, ya karkata kai, ya ƙwanƙwasa shi da makulli.

“Yallaɓai, wannan lafiyayye ne,” ya ce. “A sa shi a sahun gaba.”

Ko Manaja sai da ta juya baya kafaɗunta na rawa don dariya. Sannu-Sannu ya ce a ba shi awa biyu ya huce. Aka ba shi uku, a buɗe. Manaja ta sake kwaɓa kaɗan ta gwada da la'asar, ƙasan ya ƙone kafin saman ya san an shigo. Ai mutumin ya yi aikinsa da gaske: bulon da ke riƙe zafi sahu biyu, auduga hawa uku, ba ta inda zafin zai bi ya gudu. Manaja ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta ce wa ƙanenta ya je ya yanka duron, ya kawo shi gobe da asuba, ita za ta tashi ta kwaɓa na talatin. Ta tura ƙofar tanderu ta rufe don kada kaji su faɗa.

Sannu-Sannu ya zauna a bencinsa har aka kira magariba. Ginin bai yi laifin komai ba, ya sani. Idonsa ne. Ido ne da ya saba da zafin da ke mayar da ƙarfe ruwa, aka ce ya auna na fulawa da yis. Shekara talatin da ɗaya yana zagin masu hura wuta, ranar farko da aka ba shi itace a hannu ya yi abin da ya fi nasu.

Da gari ya waye ya fito da cokalin gininsa, ba don komai ba sai don hannu ya saba: bayan babbar wuta, a duba gini. Manaja tana gefe ta jera kwaɓi a tire, ya kumbura ya yi kyau, tana duban ƙofar gida. Tartsatsi da asuba ba su taɓa haɗuwa ba, yau ma ba su haɗu ba. Sannu-Sannu ya dafa bayan tanderu, sanyi ƙalau. Ya ƙwanƙwasa nan da can, ko'ina ya amsa. Ya buɗe ƙofa ya leƙa. Kwalayen sun ƙone, bulo ya miƙe ya cike gurbinsu daidai, ba tsaga. Wani ɗumi ya fito ya shafi fuskarsa.

“Gini dai lafiya lau,” ya ce, ba tare da ya juyo ba. “Wutar ce ta mutu. Ya yi sanyi.”

Ɗumin ya kai inda Manaja take. Ta ɗago kai. Ta taso, ta ture shi gefe da gwiwar hannu, ta naɗe hannun riga ta zura hannunta ciki har kafaɗa, leɓunanta na motsi tana ƙirgawa. Ta kai takwas ta zare. Ta ɗebo fulawa da yatsu uku ta watsa a kan bulon ƙasa, ta tsuguna tana kallo. Fulawar ba ta yi baƙi ba. A hankali ta koma ruwan zuma.

“Wannan ne sanyi?”

Ya ce bari ya ɗan ƙara itace biyu ya taimaka mata.

“Baban yara, in ka taɓa itacen nan, da kai zan gasa.”

Ya koma benci. Ta zura tire uku ta rufe. Ba wuta, ba hayaƙi, ba garwashin da za a juya, tsakar gida shiru sai kaji. Sannu-Sannu ya ji minti ashirin ɗin nan sun fi kwana bakwai na busarwa tsawo. Sai ƙamshi ya fara zagayawa, ya haura katanga, har matar maƙwabci ta leƙo tana tambayar ko lafiya. Da Manaja ta buɗe, burodi ne ja-ja-jur, ya tashi ya cika gwangwaninsa, na lungu da na bakin ƙofa duk launi ɗaya. Ta sa zubi na biyu, ta sa na uku, ta ɗan ƙara wa na ukun lokaci. Kafin rana ta haura katanga, talatin sun tafi wurin mai shayi a cikin kwando. Da rana ta gasa gyaɗa a sauran zafin. Washegari ma da ta sa tukunyar ruwa a ciki, da ruwan ɗumi aka yi wanka.

Tartsatsi ya iso wajen azahar yana gangaro duro, da ƙofarsa da kantocinsa, yana ba da labarin yadda aka ɗauke wutar lantarki. Ya tarar da mijin yayarsa a benci da rabin burodi a hannu. Sannu-Sannu ya yi masa sannu da asuba, ya ce ya jingine abin a can, dama kaji sun daɗe suna neman ɗaki mai hawa biyu. A ciki suke ƙwai har yau.

Tun daga ranar aka raba aiki. Shi ke hura wuta da yamma, kwana biyu sau ɗaya, ita kuma tana tsaye a bayansa, a daidai inda shi yake zama wa masu hura wuta a kamfani. Da zarar baƙin bango ya fara washewa sai ta ce ya isa, shi kuma ya ajiye itacen da ke hannunsa, ko da yake har yanzu sai ya ɗan tsaya yana dubansa kamar za a raba shi da ɗa. Tsoffin abokan aikinsa suna zuwa, ya zagaya da su, ya sa su dafa bayan ginin su ji sanyi, ya buɗe ƙofa su ji zafi. Labarin guda goma sha biyun nan kuwa ba ya cikin zagayen. Tartsatsi ne ke cike wannan gurbin, don ya ajiye ɗaya a shagonsa yana danne takardu da shi.

Abu ɗaya ne har yanzu bai kwanta masa ba. Wata safiya ya ga Manaja ta kife burodi a tafin hannu ta ƙwanƙwasa ƙasansa da yatsa. Ya karɓa ya gwada, ya ji ya yi ɗuf kamar ba kowa a gida. Ya ce wannan da bulo ne da ya jefar. Ta ce shi ya sa ba bulo ba ne, in ya yi wannan ƙarar ya gasu ke nan. Ya jinjina kai, ya sake ƙwanƙwasawa, ya ce shi dai bai yarda da shi ba, kada a kai wa mai shayi. Ya gutsura ya tsoma a shayinsa.